Maɗin Mapul: Abin Da Wata Bishiyar Kanada Ta Koya Mini Game Da Zaƙi

Akwai kunyar da mutum ba ya mantawa da ita, komai ƙanƙantarta. Tawa ta same ni ne a wani ɗakin girki a birnin Montreal na ƙasar Kanada, a farkon watan Maris, lokacin da wani aiki na 'yan watanni ya kai ni can. Maƙwabcina, wani dattijo ɗan asalin lardin Kebek wanda ya yi ritaya daga koyarwa, ya gayyace ni karin kumallo ranar wata Asabar. Da yake ba mu saba shiga gidan mutane hannu Rabbana ba, sai na biya kanti na sayi kwalbar abin da na ɗauka maɗin mapul ne, wato ruwan zaƙin nan mai kauri da mutanen ƙasar ke alfahari da shi. Na zaɓi babbar kwalba mai araha, ina ganin na yi dabara.

Dattijon ya karɓa da fara'a, ya yi godiya, sannan ya juya kwalbar ya karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. Sai na ga yana ƙoƙarin danne dariya. Ya ce mini su a Kebek irin wannan suna kiransa maɗin falwaya, domin a ganinsu idan da bishiya aka tatso shi, to sai dai turken wayar da ke bakin titi. Daga nan ya buɗe firji ya ɗauko wani gwangwani, ya tsiyaya mini rabin cokali, ya ce in ɗanɗana kafin a yi wata magana.

Da farko zaƙi na ji, kamar yadda na zata. Amma kafin zaƙin ya wuce, sai ga wasu abubuwa sun biyo bayansa: ƙamshin sukarin da wuta ta taɓa, da wani abu mai kama da soyayyar gyaɗa, da ɗan hayaƙin itace can ƙasa-ƙasa, da ɗan ɗaci siriri da ya tsaya a ƙarshen harshe. Da na koma na ɗanɗana nawa na kwalba, zaƙi ne kawai ya zo ya tafi, bai bar komai ba sai danƙo a baki. A ranar na gane cewa zaƙi daban, ɗanɗano daban, kuma na yi shekaru ina ɗaukar na farko a matsayin na biyu. Wannan ne abin da nake son mu tattauna da mai karatu a wannan mako.

Na kira shi maɗi ne saboda ita ce kalmar da ta fi dacewa da shi a harshenmu. Duk wanda ya tashi a karkara ya san maɗin ɗinya, inda ake dafa ruwan 'ya'yan itacen har ya yi kauri ya yi duhu. Shi ma wannan dafa shi ake yi har ya kama jikinsa, sai dai daga jikin bishiyar ake samo ruwan.

Dajin da ke ɗiga

Makonni biyu bayan wannan karin kumallo, maƙwabcin nawa ya ɗauke ni a mota zuwa yankin Beauce, kudu da birnin Kebek, inda wani ɗan'uwansa ke da dajin mapul. Ita mapul ita ce bishiyar da jan ganyenta ke tsakiyar tutar Kanada tun 1965. Tana da nau'o'i da yawa, amma wadda aka fi tatsa ita ce wadda masana ke kira Acer saccharum, kuma ba ta girma da yawa sai a gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka. Shi ya sa kusan duk maɗin mapul na duniya daga wannan kusurwa yake fitowa. Lardin Kebek shi kaɗai yana samar da kimanin kashi 70 cikin 100, yayin da jihar Vermont ke kan gaba a Amurka.

Mun tarar da dajin tsirara, babu ganye ko ɗaya, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Da na kasa kunne sai na ji ƙarar ɗigon ruwa a cikin bokitan ƙarfe da aka rataye a jikin wasu bishiyoyi na kusa da hanya. Sauran dajin kuwa siraran bututun roba ne suka sarƙe shi kamar yanar gizo, suna gangarawa zuwa wani babban tanki.

Mai dajin ya yi mini bayanin yadda abin yake. A lokacin zafi ganyen bishiyar yana haɗa sukari daga hasken rana, ita kuma ta adana shi a matsayin sitaci a cikin saiwa da gangar jiki. Idan hunturu ya kusa yin sallama, sitacin yakan koma sukari ya narke a cikin ruwan jikin bishiyar. Amma ruwan ba ya fitowa sai an sami wani yanayi na musamman: dare mai sanyin da ruwa ke daskarewa, da yini mai ɗan ɗumi da ƙanƙara ke narkewa. Sanyin dare yana sa bishiyar ta zuƙo ruwa daga ƙasa, ɗumin rana kuma ya haifar da matsi a cikinta, sai ruwan ya nemi mafita ta ramin da aka huda. Idan dare bai yi sanyi ba, babu ruwa. Idan yini bai yi ɗumi ba, nan ma babu.

Wannan dama ba ta wuce makonni huɗu zuwa shida a shekara, tsakanin ƙarshen Fabrairu da Afrilu. Da zarar bishiyar ta fara toho, ɗanɗanon ruwan yakan lalace, kakar ta ƙare ke nan sai baɗi. Kuma ba a huda bishiya sai ta yi shekara 30 zuwa 40. Mai dajin ya nuna mini wasu manya da ya ce kakansa ne ya fara huda su, da wasu ƙanana da ya bari suna girma, alhali ya san ba shi ne zai tatse su ba.

Ya ba ni ruwan in sha kai tsaye daga bokiti. Garau yake kamar ruwan rijiya, da ƙyar za ka ji alamar zaƙi, domin sukarin da ke ciki bai fi kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Sai an dafa kimanin lita 40 na wannan ruwa kafin a sami lita ɗaya ta maɗi. Rami guda mai bokiti kuwa abin da yake bayarwa a kakar gaba ɗaya kimanin lita 40 ɗin ne. Wato litar maɗi guda tana iya zama aikin bishiya guda na shekara guda. A nan na daina mamakin tsadarsa, na koma mamakin yadda na yarda cewa babbar kwalbar da na saya da 'yan kuɗi ƙalilan za ta iya zama shi.

Inda wuta ke ƙirƙirar ɗanɗano

A tsakiyar dajin akwai bukkar katako mai buɗaɗɗen rufi, tururi na tashi daga cikinta kamar an kunna gobara. A nan ake dafuwar, a cikin faffaɗan kaskon ƙarfe mai rabe-rabe, wuta na ci a ƙarƙashinsa. Ruwan yana shiga ta gefe ɗaya yana fari, yana zagayawa yana ƙafewa yana canza launi, har ya isa ɗaya gefen ya zama ruwan zinare. Ana sauke shi idan zafinsa ya kai kimanin digiri 104 a ma'aunin Selshiyos, lokacin da sukarinsa ya kai kashi 66 cikin 100. Idan bai kai haka ba zai yi saurin lalacewa, idan kuma ya zarce sosai zai fara ƙanƙarewa. Manyan masu sana'ar a yau suna da injin da ke tace wani kaso na ruwan kafin dafuwa domin rage cin makamashi, amma ba mai tsallake wuta, domin ita ce ke haifar da launi da ƙamshi. Zafi ne ke sa sukari da sauran sinadaran ruwan su haɗu su ba da wannan ɗanɗano. A 2011 masu bincike a Jami'ar Rhode Island ta Amurka sun gano wani sinadari a cikin maɗin wanda babu shi a ɗanyen ruwan bishiyar, sai a lokacin sarrafawa yake samuwa, suka raɗa masa suna Quebecol don girmama lardin.

Ba a zuba masa komai: ba sukari, ba launi, ba maganin hana lalacewa. Duk da haka ba duka yake zama iri ɗaya ba. Na farkon kaka yakan fito da haske da ɗanɗano mai laushi, yayin da na ƙarshen kaka ke yin duhu da ƙarfi. Kanada da Amurka sun raba shi aji huɗu bisa yawan hasken da ke ratsa shi: mai ruwan zinare, da mai launin zuma, da mai duhu, da mai duhu sosai. Ba wai wani ya fi wani inganci ba ne, kowanne da wurin da ya dace da shi.

Al'adar mutanen Kebek ce su yi dandazo a irin waɗannan bukkoki a wannan lokaci, a ci a sha. Mafi yawan abincin da ake ci a wurin akwai naman alade a ciki, don haka na tsaya a kan fanken Turawa da ƙwai, kuma masu masaukina ba su ga laifina ba. Abin da ba zan manta ba shi ne alewar ƙanƙara: ana ƙara dafa maɗin har ya yi danƙo, a tsiyaya shi da zafinsa a kan dusar ƙanƙara mai tsabta, a naɗe shi da ɗan tsinke. Na ga tsofaffi masu furfura suna layi tare da jikokinsu ba tare da jin nauyi ba.

Sukarin da babu gumin bawa a cikinsa

Turawa ba su ne suka gano wannan sana'a ba. Sun tarar da 'yan asalin ƙasar, irin su Abenaki da Anishinaabe da Haudenosaunee, suna tsaga bishiyar suna tara ruwan a ƙoƙunan ɓawon itace, har wasunsu sun raɗa wa wata guda a shekara sunan wannan aiki. Daga wurinsu baƙin suka koya, suka ƙara da tukwanen ƙarfe da abin huda rami.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ya shafe mu. A ƙarshen ƙarni na 18, sukarin da Turai da Amurka ke sha daga gonakin rake na tsibiran Karibiyan yake fitowa, inda bayin da aka kwaso daga Afirka ke mutuwa a bakin aiki. Wani likita na birnin Philadelphia, Benjamin Rush, tare da wasu masu adawa da bauta, sun yi ta kira da a koma shan sukarin mapul domin a karya kasuwar sukarin bayi. Thomas Jefferson ya karɓi ra'ayin, har ya dasa bishiyoyin a gonarsa ta Monticello a 1791, duk da cewa shi kansa mai bayi ne. Yunƙurin bai yi nasara ba, domin mapul ba za ta iya gogayya da rake a yawa da araha ba. Amma ya nuna cewa tun fiye da shekara 200 da suka wuce akwai waɗanda suka fahimci cewa tambayar inda zaƙin da ke cikin kofinka ya fito tambaya ce ta ɗa'a.

Kama da wane ba ta wane

To mene ne a cikin kwalbar da na saya? Ruwan sukarin masara ne, da launin ƙonannen sukari, da ƙamshin haɗi. Kuma mai karatu zai yi mamakin jin cewa ɗaya daga cikin tushen wannan ƙamshi abu ne da muka sani sarai: hulba. A cikin hulba akwai wani sinadari mai suna sotolon wanda ƙamshinsa ya yi kama da na mapul ƙwarai. Duk wanda ya taɓa shan hulba na 'yan kwanaki ya san yadda ƙamshinta ke bin gumi. Tsakanin 2005 da 2009 mazauna birnin New York sun sha tashi su ji unguwanninsu sun gauraye da ƙamshin maɗin mapul, har wasu suka tsorata cewa harin guba ne. Sai a 2009 hukumomin birnin suka sanar cewa daga wata masana'anta ce a jihar New Jersey mai sarrafa 'ya'yan hulba.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce, ita ce wadda maƙwabcina ya bi: a juya kwalba a karanta jerin kayan haɗi. Na gaskiya abu ɗaya ne tak a jerinsa, maɗin mapul. Idan ka ga masara ko launi ko ƙamshi, to ka riƙe falwaya. Hoton ganye ko na bukkar daji a gaban kwalba ba shaida ba ne. Sannan na gaskiya bai kai na jabu kauri ba, yana zuba da sauri fiye da zuma. Mu da muka saba auna inganci da kauri, nan ne ake kama mu.

Darajar na gaskiyar ta kai har ana yi masa fashi. Ƙungiyar masu sana'ar a Kebek, wadda wasu ke yi wa laƙabi da OPEC ɗin maɗi, tana da rumbun ajiya tun shekarar 2000, inda take tara rarar shekarun yalwa domin shekarun ƙaranci. Tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi sun yi ta zuƙe gangunan wani sito a garin Saint-Louis-de-Blandford, suna cika wasu da ruwa, har suka kwashe kimanin tan 3,000 da kuɗinsa ya haura dalar Kanada miliyan 18. Asiri ya tonu ne a Yulin 2012, lokacin da wani mai ƙidaya ya taka wata ganga ya ji ta yi rawa saboda babu komai a ciki. A 2017 aka yanke wa jagoran ɓarayin ɗaurin shekara takwas. A lokacin, gangar maɗi ta ninka gangar ɗanyen mai a farashi sau da yawa.

Maɗi a cikin kofi

Mafi yawan mutane sun san maɗin mapul ne a kan fanke. Amma inda na fi gane ƙimarsa shi ne a cikin abin sha. Turawa suna da fannin haɗa abin sha da suke kira koktel. Wata jarida ta garin Hudson a jihar New York ta bayyana ma'anar kalmar a 1806 da cewa haɗi ne na abubuwa huɗu: barasa da sukari da ruwa da ɗigon wani abu mai ɗaci. Wato sukari ɗaya ne daga ginshiƙai huɗu, don haka duk wanda ya canza irin sukarin ya canza abin shan. Abin da masu wannan sana'a a Kanada da Amurka suka gano ke nan. Suna maye farin sukari da maɗin mapul a tsohon haɗin nan nasu mai suna Old Fashioned, suna da wani mai suna Maple Leaf da ake yi da wuski da lemun tsami da maɗi, sannan a bikin hunturu na birnin Kebek ana shan Caribou, haɗin giyar inabi da wuski wanda sau da yawa ake zaƙaƙa shi da maɗin.

Ni Musulmi ne, ban taɓa ɗanɗana ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba kira nake yi ga kowa ya ɗanɗana ba. Maɗin kansa babu barasa a cikinsa, amma ina jan hankalin matafiya cewa a shagunan filayen jirgin saman Kanada akan ga kwalaben wuski mai haɗin mapul, su ma da hoton ganyen a jiki. Nan ma karatun bayan kwalba ne mafita.

Sai dai ilimin da ke bayan haɗin bai dogara da barasa ba, kuma a yau mashaya da gidajen abinci da yawa a can suna da jerin haɗe-haɗen da babu ita. Abin da na koya ya taƙaita a abubuwa huɗu. Na farko, maɗin yana narkewa nan take a ruwan sanyi, alhali farin sukari yakan kwanta a ƙasan kofi, zuma kuma ta dunƙule idan ta haɗu da ƙanƙara. Na biyu, ya fi ruwan sukarin da aka saba haɗawa rabi da rabi ƙarfi, saboda haka kaɗan ake sawa. Na uku, ajin maɗin ya dace da abokin tafiyarsa: mai haske ga abu mai laushi kamar tuffa ko na'a-na'a, mai duhu ga abu mai ƙarfi kamar citta ko shayi ko gahawa. Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci, zaƙi ba ya tafiya shi kaɗai. Sai an ba shi tsami ko ɗaci ya yi jayayya da shi sannan ƙamshin da ke ɓoye a bayansa yake fitowa.

Manoman arewa maso gabashin Amurka sun san haka tun kafin a buɗe mashaya ta zamani. A lokacin yankan ciyawa cikin zafin rana suna shan wani haɗi mai suna suwicel, na ruwa da khal da citta da maɗi, babu barasa ko ɗigo. Ga yadda nake yin nawa: lita ɗaya ta ruwa, cokali huɗu na maɗi mai duhu, cokali uku na khal ɗin tuffa, da cokali ɗaya na ɗanyar citta da aka goga. A bar shi ya kwana a firji, a tace da safe. Na yi buɗa-baki da shi a wani azumi mai zafi bayan na dawo gida, kuma ban san abin da ya fi shi kashe ƙishi ba.

Na biyu shi ne na lemun tsami: cokali biyu na ruwan lemun, cokali ɗaya da rabi na maɗi, ɗan gishiri a bakin yatsa, a girgiza da ƙanƙara a cikin kwalba mai murfi, a juye a kofi a cika da ruwan soda. Na uku na masu son abu mai nauyi ne: baƙin shayi mai kauri da aka bari ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na maɗi mai duhu sosai, kanumfari guda ɗaya, da ɓawon lemun zaƙi da aka murɗe a kan kofin domin mansa ya fantsama. Wannan kurɓa ake yi a hankali bayan cin abinci.

Na kuma gwada shi da namu na gida. Da jiƙon tsamiya ya yi kyau ƙwarai, kamar dama an yi su don juna. Da zoɓo kuwa asara na yi, domin zoɓon ya shanye ƙamshin gaba ɗaya, bai bar mini komai ba sai zaƙin da farin sukari zai iya bayarwa da kuɗi kaɗan. Wannan ma darasi ne: idan ba za a ji maɗin ba, kada a ɓarnatar da shi.

Gargaɗi biyu

Wajibi ne in faɗi gaskiya ga masu ciwon sukari da masu gudun ƙiba. Maɗin mapul yana da wasu ma'adanai kamar manganis da zink da kalsiyam waɗanda farin sukari ba shi da su, amma kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, kuma jiki a matsayin sukari yake karɓarsa. Duk wanda ya tallata maka shi a matsayin magani, aljihunka yake hari. Amfaninsa shi ne, da yake yana da ɗanɗano, kaɗan yakan gamsar.

Na biyu, da zarar an buɗe shi sai firji, in ba haka ba fumfuna za ta rufe samansa, musamman a zafi irin namu. Wanda ba shi da tabbacin wutar lantarki, gara ya sayi ƙaramar kwalba ya shanye ta cikin 'yan makonni.

Abin da ya rage mana

Ban rubuta wannan don mai karatu ya ruga neman kayan Kanada ba. A manyan kantunanmu tsadarsa ta fi ƙarfin mafi yawanmu, kuma sau da yawa abin da ke kan kanta ɗan'uwan kwalbata ne ta ranar Asabar. Na rubuta ne saboda tambayar da ta biyo ni gida: me ya sa mutanen Kebek suka iya kare sunan kayansu, mu muka kasa kare namu?

Su sun yi doka cewa ba a kiran abu maɗin mapul sai daga ruwan bishiyar kaɗai aka yi shi. Sun sa ma'auni, sun raba aji, suna duba ganguna kafin a sayar, sun koya wa yaransu ɗanɗanon na gaskiya tun suna goye. Mu kuwa wa ya isa ya sayi zuma a bakin titi da kwanciyar hankali? Kowa ya san labarin dafaffen sukarin da ake sayarwa da sunan zuma, har mun ƙirƙiro gwaje-gwajen ashana da na ɗigawa a ƙasa, waɗanda ba su hana a cuce mu ba. Mai zumar gaskiya da ya sha harbi a daji shi ke asara, domin mai jabu ya karya farashi kuma ya zubar da mutuncin sana'ar. Maɗin ɗinya da mazarƙwaila kuwa, waɗanda kowannensu ke da ɗanɗanon da farin sukari ba zai taɓa samu ba, mun bar su a matsayin abincin ƙauye, yaranmu na birni da yawa ba su ma san su ba. Na narkar da mazarƙwaila na yi suwicel da ita, kuma ba ta ji kunya a gaban maɗin Kanada ba.

Su ma can ba su tsira daga barazana ba. Sana'ar gaba ɗaya ta rataya ne a kan dare mai daskarewa da yini mai narkewa, kuma ɗumamar yanayi tana gurɓata wannan tsari, kakar tana zuwa da wuri, wani lokaci ta katse ba zato. A 2021, bayan wata gajeriyar kaka, sai da aka fitar da kimanin kilo miliyan 22 daga rumbun ajiya domin cike giɓin kasuwa. Mai dajin da na ziyarta ya ce shi abin da ke damunsa shi ne ko ƙananan bishiyoyin da ya bari za su sami sanyin da za su ba jikokinsa ruwa.

Ranar da zan baro Montreal, maƙwabcina ya kawo mini gwangwani biyu na maɗin ɗan'uwansa, ya kuma dawo mini da kwalbata, wadda ba a sake taɓa ta ba tun ranar. Ya ce in tafi da su duka, in riƙa ba baƙina cokali daga nan, cokali daga can, kada in gaya musu komai. Na yi hakan sau da yawa, kuma har yau ban sami wanda ya kasa rarrabewa ba, har da waɗanda ba su taɓa jin sunan mapul ba. Ashe harshenmu lafiyarsa ƙalau, na gaskiyar ne ba mu cika ba shi ya ɗanɗana ba. Allah Ya ba mu masu sana'a na gari, Ya kuma ba mu masu saye da za su san darajarsu.